Idan Jari Ya Karye: Jagora Ga Wanda Bashi Ya Yi Wa Katutu A Kaduna

Wani maƙwabcina mai sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Barci ya same ni a ƙofar gida bayan sallar isha'i. Mun gaisa, ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce, "Malam, na ji an ce a Amurka in bashi ya fi ƙarfin mutum sai ya je kotu ya ce ya karye, a sauke masa. Mu nan babu irin wannan ne?" A lokacin wata biyu ke nan wayarsa tana kashe, yana fita kafin asuba, ba ya dawowa sai unguwa ta yi tsit.

Akwai irin wannan doka a Najeriya. Sai dai ƙofa ce ta ƙarshe, kuma mai shiga cikinta yana biyan farashi mai tsada. Kafin a isa gare ta akwai wasu ƙofofi da suka fi sauƙi, waɗanda mutum yake rufe wa kansa su ɗaya bayan ɗaya duk ranar da ya ƙara yana ɓuya. Abin da na faɗa masa a daren, da abin da muka bi tare a watannin da suka biyo baya, shi zan shimfiɗa a nan.

Fara da takarda da biro

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mafi yawan waɗanda ya yi wa katutu ba su san jimillar abin da ake bin su ba. Tsoro ne yake hana su haɗa lissafin. Ka zauna ka rubuta kowane bashi: wa ke bin ka, nawa ne uwar kuɗin, nawa ne ruwan da ya hau kai, akwai takarda ko da baki aka yi, wa ya shaida, wa ya tsaya maka, kuma me ka ba da jingina. Ka nemi banki ya ba ka cikakken bayanin asusun bashin tun daga ranar da aka ba ka, domin a nan ake gano cajin da ya wuce abin da aka sa wa hannu.

A wani shafin ka rubuta abin da ka mallaka da farashin da zai yi in an sayar yau, ba farashin da ka saya ba. Kayan shago, babur ko mota, fili, kuɗin da kake bin wasu wanda da gaske zai fito. Kada ka sa dukiyar matarka. A shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka, gwal ɗinta da sadakinta da abin da ta gada nata ne, ba a biyan bashinka da su sai in ita ta tsaya maka da hannunta ko ta ga damar taimakawa.

Sannan ka raba basussukan gida biyu: masu jingina da marasa jingina. Wannan rabon shi ne ƙashin bayan komai. Wanda ke riƙe da takardar gidanka ko ya yi rajistar injin ɗinka a matsayin jingina yana da haƙƙi a kan wannan kadarar, kuma ko kotu ta ayyana ka karye, haƙƙin nasa yana nan. Sauran su ne za su raba abin da ya rage.

Da sunan wa aka ci bashin?

Nan ne 'yan kasuwa da yawa ke ruɗewa. Mutum zai ce maka, "Ai na yi rajista da CAC, kamfani ne ya ci." Ka duba takardar da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta ba ka. In rajistar sunan kasuwanci ce kawai, to kai da shagon abu ɗaya ne a idon doka, bashin shago bashinka ne har cikin ɗakin kwananka. In kuwa kamfani ne mai iyakantaccen alhaki, shi kamfanin mutum ne na daban, bashinsa nasa ne. Amma da wuya banki ya ba ƙaramin kamfani rance ba tare da daraktan ya sa hannu cewa ya tsaya da kansa ba. In ka sa wannan hannun, katangar da ke tsakaninka da kamfanin ta faɗi game da wannan bashin.

Dokoki biyu ne daban. Mutum ɗaiɗai yana ƙarƙashin Dokar Karayar Arziki ta 1979, wadda aka yi wa gyara a 1992. Kamfani kuwa yana ƙarƙashin dokar kamfanoni, CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na 2020.

Abubuwan da za ka kiyaye tun daga yau

Kada ka rubuta cek alhali ka san babu kuɗi a asusun. Mutane kan yi haka don su kori mai bin bashi daga ƙofar shago na kwana biyu. Bashi zalla maganar farar hula ce, amma cek ɗin da ya dawo laifi ne a ƙarƙashin dokar 1977, kuma hukuncinsa ga mutum ɗaurin shekara biyu ne ba zaɓin tara. Da hannunka ka mayar da rigimar kuɗi ta koma ta gidan yari.

Kada ka juya gida ko fili zuwa sunan ɗanka ko ƙaninka don ka ɓoye shi. Kotu tana da ikon warware irin wannan kyauta, kuma daga ranar da aka gano, babu alƙalin da zai ƙara kallonka da idon tausayi. Haka nan kada ka kwashe abin da ya rage ka biya surukinka shi kaɗai ka bar sauran, shi ma ana iya warware shi. Kuma ka daina cin sabon bashi don toshe tsoho, musamman daga manhajojin ba da rance na waya.

Ka kuma san abin da ba a isa a yi maka ba. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko wata rigima ta farar hula kawai. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne, kuma kotunan ƙasar nan sun sha nanata hakan. In aka gayyace ka, ka je, amma da lauya, kada kuma ka sa hannu a kan alƙawarin biyan da ka san ba za ka iya ba. Lamarin yana canzawa ne in akwai zamba, wato ka karɓi kuɗi da ƙarya tun farko. Manhajar da ke aika wa mutanen da ke cikin wayarka saƙo tana kiran ka ɓarawo ta keta ƙa'ida. Ka ajiye hotunan saƙonnin ka kai ƙara hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda tun 2022 ta sa wa masu wannan sana'a sharuɗɗan rajista. Wannan ba ya goge bashin, amma yana dakatar da cin mutuncin.

Sulhu, inda mafi yawan sauƙin yake

A nan zan daɗe, domin a nan maƙwabcina ya samu mafita, kuma a ganina a nan mutum tara cikin goma ya kamata su tsaya.

Kunna wayarka. Je ka samu kowane mai bin ka, kai da wani dattijo da yake jin nauyinsa: shugaban layinku a kasuwa, limamin unguwa, ko mai unguwa. Ka tafi da takardar lissafin nan, ka nuna musu duka, ba ɓoye-ɓoye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai bin bashi ya fi tsananta wa wanda yake zaton yana ɓoye masa wani abu. In ya ga gaskiyar abin da ke ƙasa da idonsa, sau da yawa zuciyarsa kan sauko, don ya san in ya ja ka kotu zai kashe kuɗin lauya, ya jira shekaru, ƙarshe ya tarar da abin da ka nuna masa yau ko ƙasa da shi.

Ga misali da lissafi mai sauƙi. A ce bashin da ba jingina naira miliyan 4 ne: dillalin da ke ba ka kaya yana bin miliyan 2.5, kawunka miliyan 1, 'yan adashi 300,000, manhajar waya 200,000. Abin da ke hannunka in an sayar miliyan 1.6 ne. Adalci shi ne kowa ya samu kobo 40 a kan kowace naira. Dillali ya karɓi miliyan 1, kawu 400,000, adashi 120,000, manhaja 80,000. Ragowar kuma a yanka maka abin da za ka riƙa biya duk wata, ko wanda Allah ya hore wa ya yafe. Wata hanyar, wadda ta fi wannan in kasuwar tana da sauran numfashi, ita ce a bar maka kayan shagon ka ci gaba da juyawa, a riƙa cire musu rabo daga ciniki. Ka faɗi adadin da za ka iya ko a watan da kasuwa ta mutu, kada ka faɗi na watan sallah.

Wannan rabon daidai gwargwado ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman Malikiyya sun yi babi guda a kan muflisi, wato wanda bashi ya kewaye dukiyarsa: alƙali ya hana shi taɓa dukiyar, a sayar, a raba wa masu bi gwargwadon haƙƙin kowa, a bar masa abin da zai ci da iyalinsa da suturarsu. Wanda ya tarar da kayansa na nan yadda ya sayar da su, ba a biya shi ba, shi ya fi cancanta ya ɗauki abinsa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma ce yafewar ta fi alheri. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas da ake ba zakka, don haka neman zakka don biyan bashin halal ba roƙo ba ne, haƙƙi ne. Amma addinin da ya ba talaka wannan rangwame shi ne ya kira jan ƙafar mai hali zalunci. In kana da shi, ka biya.

Duk abin da aka daidaita a rubuta shi: adadi, ranaku, abin da aka yafe, sa hannun kowa da na shaidu. Na ga sulhun da aka yi da baki a zauren wani dattijo, bayan wata shida dattijon ya rasu, kowa ya tuna abin da ya fi masa daɗi. In kana son yarjejeniyar ta yi ƙarfin hukunci, akwai cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin kotunan jihar Kaduna, inda alƙali ke sa hannu a kan abin da aka amince, ya zama kamar hukuncin kotu.

Da banki kuwa takarda ce ke magana. Ka rubuta wa manajan reshe wasiƙa, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ka nemi a tsawaita wa'adi, a rage abin da ake cira duk wata, a yafe tarar jinkiri da wani kaso na ruwa in za ka biya uwar kuɗin. Bankuna suna yin haka fiye da yadda mutane ke zato. Ka tuna cewa tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin GSI na Babban Bankin Najeriya: in ka sa hannu a kansa lokacin karɓar rance, bankin na iya cire kuɗinsa daga duk asusun da ke ɗaure da lambar BVN ɗinka a wasu bankunan. Ƙa'idar ta ce uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai za a cira ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri. In an wuce haka, ka fara kai koke a rubuce ga bankin, in bai gyara ba ka wuce sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin. Waɗanda suka karɓi rancen korona na 2020 ko na shirin manoma suna ɗaukan kyauta ce, su ma wannan tsarin yana iya riskar su.

In sammaci ya iso

Ka karɓa, ka je. Wanda ya ƙi zuwa kotu ana iya yanke hukunci a bayan idonsa a kan duk adadin da mai ƙara ya faɗa. A Kaduna maganar bashi tana iya zuwa kotun shari'a in tsakanin Musulmi ne, ko kotun majistare, ko Babbar Kotun Jiha in kuɗin suna da yawa. In da gaske ana bin ka, kada ka yi musu. Ka amsa abin da ka sani, ka ƙi abin da aka ƙara, sannan ka roƙi kotu ta ba ka damar biya kaɗan-kaɗan, ka kawo shaidar abin da kake samu. Kotu tana da wannan ikon. A kotun shari'a, wanda ya tabbatar da shaidu cewa ba shi da komai, fiƙihu bai yarda a tsare shi ba; tsarewa ta wanda ake zargin yana ɓoye dukiya ce.

Bayan hukunci ne mai bin bashi ke iya neman a riƙe kuɗin da ke asusunka, ko ma'aikatan kotu su kwashe kaya a yi gwanjo. Da kayan ɗauka ake farawa, ba a taɓa gida ko fili sai da izinin babbar kotu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tuntuɓi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa da ke Kaduna.

Ƙofar ƙarshe: ayyana karaya a gaban kotu

Sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe wannan magana ga Babbar Kotun Tarayya ita kaɗai, kuma tana da reshe a Kaduna. Kotun shari'a ko ta majistare za ta iya yanke hukunci a kan bashi, amma ba ita ke ayyana mutum ya karye a ƙarƙashin dokar 1979 ba.

Hanya biyu ake shiga. Ko dai kai da kanka, ta hannun lauya, ka shigar da takardar cewa ba za ka iya biyan basussukanka ba. Ko kuma mai bin ka ya shigar. Shi sai bashin ya kai naira 2,000, adadin da aka rubuta tun lokacin da naira ke da ƙarfi, yau kuwa kowa ya cika wannan sharaɗin. Sai kuma ya nuna ka aikata abin da doka ta ɗauka alamar karaya ce cikin wata uku kafin ya shigar da ƙarar. Mafi shahara shi ne ya samu hukuncin ƙarshe a kanka, a kawo maka takardar gargaɗi, kwana 14 su wuce ba ka biya ba, ba ka kuma daidaita da shi ba.

In kotu ta gamsu, sai ta ba da umarnin riƙe dukiyarka, a damƙa kula da ita ga jami'in da doka ta naɗa don wannan aiki. Sauƙin farko a nan yake: marasa jingina ba za su ƙara kai ka wata kotu ba sai da izini. Za ka gabatar da cikakken bayanin dukiyarka da basussukanka a bisa rantsuwa. Za a tara masu bin ka su zauna. Za a kuma yi maka tambayoyi a buɗaɗɗiyar kotu a kan yadda ka tafiyar da kuɗinka, kowane mai bin ka yana da damar tambaya.

Ko a wannan matakin dokar ta bar tagar sulhu. Kana iya miƙa tayin biyan wani kaso ko biya a hankali. In mafi rinjayen masu bi, a yawansu da kuma yawan kuɗinsu, suka amince, kotu ta tabbatar, to ya hau kan kowa har da wanda ya ƙi. Wannan ne babban abin da kotu ta fi zauren dattijo da shi, domin a zaure mutum ɗaya mai taurin kai yana iya rushe komai.

In tayin bai karɓu ba, sai a ayyana ka karye. Dukiyarka ta koma hannun amintaccen da aka naɗa, ya sayar, ya fara biyan kuɗin aikin da haraji da albashin ma'aikatanka, ya raba sauran. Ana bar maka sutura da shimfiɗa da kayan sana'a, amma iya gwargwadon ƙima 'yar kaɗan. Ana buga sunanka a sanarwa. Muddin ba a sallame ka ba, Kundin Tsarin Mulki ya hana ka tsayawa takarar majalisar jiha, ta tarayya, gwamna ko shugaban ƙasa. Ba za ka zama daraktan kamfani ba. Kuma cin sabon bashi ba tare da ka bayyana halin da kake ciki ba laifi ne.

Sallama ita ce abin da ake nema. Za ka roƙi kotu, ta duba rahoton halinka, ta sallame ka kai tsaye, ko da sharaɗi, ko ta jinkirta, ko ta ƙi. In ta sallame ka, ragowar basussukan da aka lissafa sun sauka daga kanka a doka. Bashin da aka ci da zamba ba ya sauka. Wanda ya tsaya maka shi ma bai tsira ba, za a bi shi, don haka ka sanar da shi tun kafin ka taka kotu. Musulmi kuma ya sani cewa malamai suna ganin ragowar tana wuyansa har ya samu hali ko a yafe masa, ko da kotu ta rufe fayil. Na gaya wa maƙwabcina cewa ga ɗan kasuwar da jarinsa na gaskiya amana ce, wanda dillali ke ba kaya a kan kalma ɗaya, wannan hanya tana cin abin da ya fi kuɗin da ta sauke. Tana da amfani ne ga wanda bashinsa ya kai inda ko shekara ashirin ba za ta biya ba, masu binsa kuma sun ƙi zama.

Mai kamfani ya fi samun sarari. Dokar 2020 ta kawo tsarin da daraktoci za su miƙa wa masu bi tayin sulhu ƙarƙashin kulawar ƙwararre mai lasisi, da wani tsarin da ake naɗa mai riƙo ya yi ƙoƙarin ceto kamfanin yayin da aka dakatar da ƙararraki a kansa. Duk wanda ya ga yadda masaƙun Kakuri suka rufe, ma'aikata suka shafe shekaru suna jiran haƙƙinsu, ya san darajar a nemi ceto tun injin yana juyawa. Daraktan da ya ci gaba da karɓar kayan mutane bayan ya san kamfani ba zai tashi ba, ana iya ɗora masa bashin a kansa.

Bayan an gama biya

Ko ta sulhu ka fita ko ta kotu, kada ka tashi hannu rabbana. Ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai daga kowane mai bi. Ka karɓo takardun gidanka na asali, ka tabbata an soke rajistar jinginar a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, in ba haka ba ranar da za ka sayar ko magada za su raba za a tarar da ita. Sannan ka nemi rahoton bashinka daga ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry, domin dokar 2017 ta ba ka damar ganin abin da aka rubuta a kanka da neman a gyara kuskure. Maƙwabcina ya tarar da bashin da ya gama biya yana nan a rubuce kamar bai biya ba. Sai da ya kai takardar shaidar, ya koma sau biyu, kafin aka goge.